Gicciyen da Kailu Ya Yi Turke da Shi

…turke fa. Turken jaki. Da a ce icce ya ƙare a ƙasar Kurfai, sai ta ce to, rashi ne ya sa shi. Amma ga sabara, ga kalgo, ga aduwa ko'ina, shi Kailu bai ga abin da zai ɗaure jakinsa ba sai gicciyen da ke kan kabarin wansa.

Delu tana durƙushe a ƙuryar ɗaki, ta ture randa gefe, tana tono da guntun ƙarfe. Maƙwabciyarta Habsa ce ta kawo mata labarin da hantsi, tana faɗa tana kallon ƙasa. Ta ce da idonta ta gani. Ya ɓalle guntun da ya gitta, ya fere gindin, ya kafa shi a bakin gona. Kabarin kuwa ya shuka hatsi a kansa, har ya yi ganye.

Hatsi a kan ƙirjin Talle. Mijinta. Gonar ya ƙwace tun bara, ya ce wanda ya bar hanyar gida ba ya barin gado, ta yi shiru. Rumbu ya kwashe, ta yi shiru. Taki huɗu kawai ta roƙa a gindin gawo, inda suka sa Talle, ita da fasto da mutum shida na majami'a, ranar da ko mutum ɗaya na dangi bai fito da hauya ba… taki huɗu, Kailu. Sun tsone maka ido?

Ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ga shi nan cikin baƙin tsumma, yadda ta binne shi shekara goma sha bakwai da suka wuce. Gatarin innarta. Ɗan ƙarami, da ƙararrawa a wuya. Inna goɗiyar Dongo ce, iskan bori mai aradu, in ya hau ta maza huɗu ba su riƙe ta. Daga Tabla, daga Sanam ake zuwa. Wanda aka cuta ya zo da kukansa, a jira hadari, a ɗaga gatari, a kira sunan macuci da na uwarsa sau uku, sai a koma ɗaki a saurara. Delu tana yarinya ta ga wanda aka ɗauko daga daji, baƙi ƙirin, takalminsa ɗaya can nesa.

Ta ce wa fasto ta ƙone komai. Ta ƙone ɗin, baƙar riga, hula, layu… ƙarfe ne ba ya cin wuta. Haka ta gaya wa kanta. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, in ji mutane, to ga tata yau ta haihu.

Iska ta fara kaɗa zana. Gabas ta yi baƙi. Kailu yana gona yanzu, ta san shi, ba ya barin noma sai ɗigon farko ya taɓa shi, sa'an nan ya ruga gindin gawo. Gindin gawo. Wa ya shirya wannan in ba…

In ba wa? Faɗi mana, Delu.

Yesu, ba ka gani ba ne? Na taɓa tono gatarin nan? Ranar da mata suka janye gugansu daga rijiya don nawa ya taɓa ruwa, sunanka na kira. Shekarar fara, muna dafa ganyen anza muna ba yara, sunanka. Ummul, ɗiyata, naƙuda ta kwana biyu, amalanken shanu, hanyar Filinge ta ƙi ƙarewa — ta cika kanta yana bisa cinyata, kuma ban haukace ba. Kai ka riƙe ni, ban musa ba. A hanyar Abala masu bindiga sun sauke mu daga mota, suna duba fuska ɗaya ɗaya, ina ta maimaita sunanka cikin baki kamar mai tsotsar tsamiya, suka wuce ni. Garkuwa ce kai, na yarda. Amma garkuwa kaɗai? Ba mashi? Shekara goma sha bakwai ana dukana ina ɓuya bayanka, sau ɗaya dai, sau ɗaya, a ce wani ma ya ji a jikinsa.

Fasto zai ce ramuwa ba aikinta ba ne. Fasto yana da bakin magana. Ba gicciyen kabarin matarsa jaki ke yi wa kashi ba.

Tana tsakar gida yanzu, ba ta san lokacin da ta fito ba. Yashi yana dukan ƙwaurinta. Gatarin ya fi yadda ta sani nauyi, ƙararrawar kuma ta yi tsatsa, amma tana magana. So take Kailu ya ƙone. Ba ta jin kunyar faɗa. So take a ɗauko shi a kan ƙyauren ɗaki, a ratsa da shi ta ƙofarta, ta fito ta tsaya ta duba da kyau.

Ta ɗaga hannu.

“Kailu ɗan Sa'a.”

Ɗaya. Muryar ba tata ba ce, ta inna ce.

“Kailu ɗan Sa'a.”

Biyu… Sa'a. Uwar Kailu, uwar Talle. Tsohuwar da ke zagayowa ta bayan danga da ƙwaryar fura a ƙarƙashin zane, lokacin da gari duk ya daina gaishe su. Tana ajiyewa tana cewa, “Ku sha, ɗiyana. Ni ban san hanyag ga taku ba, amma yunwa na san ta.” Tana nan da rai, ido ya tafi, ɗa ɗaya ya rage mata. Kuma dole da sunanta za a kira, haka al'adar take, aradu ba ta gane mutum sai ta uwarsa.

To sai me? Ita ta haifi mugun. Na uku, Delu. Buɗe baki. Harshe ya yi nauyi, wani abu ya rufe mata baki, irin abin nan da ya tokare ihunta a hanyar Abala, ta san shi, ta san hannun… a'a. Ba yanzu ba. Matsa mini, Yesu. Ni aka cuta, ni za ka tsaya wa, me kake yi a gabansa?

Sama ta tsage. Fari fat, daga bisa har ƙasa, can wajen gonaki, ƙarar ta jefar da ita a gwiwa.

Sau biyu ta kira. Biyu ne, ta ƙirga. Amma zuciya fa, tun hantsi sau nawa ta kira? Ana ƙirga na zuciya? Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, gatarin yana cikin taɓo, bakinta yana motsi da kansa — Yesu, ka tsare shi, ka tsare shi daga gare ni — kuma ƙiyayyar tana nan daram, ko kaɗan ba ta ragu ba, tana son ya mutu tana roƙo kada ya mutu, duka da baki ɗaya.

Tana nan durƙushe, ta karkata kunne gabas, tana jiran ta ji ko za a ɗaga kuka.