Tabarmin Ƙofar Gidan Labbo

Labbo na naɗe tabarma ta ƙarshe lokacin da ƙanensa Tambari ya riƙe masa hannu.

"Yaya, mi kake yi haka? Mutane na tahe gaisuwa."

"Su tai gidanka," in ji Labbo. "Duk wanda ya zaka, a nuna mai ƙofarka. Nan baƙo gare ni."

Tambari ya buɗe baki, ya dubi fuskar yayansa, ya fasa. Ya kwashi tabarmin ya bi lungu da su. Labbo ya ɗauki tsintsiya ya share ƙofar gida da kansa, har sawun takalman masu ta'aziyya bai bari ba.

Ɗansa Jabiru ne ya rasu. Albasa yake kaiwa Aba, kuma rikicin da ya tashi can bayan na Kaduna ya rutsa da shi. Ba gawa, ba kabarin da za a nuna. Wani abokin fataucinsa ne ya tsira ya kawo labari, shi ma bai san inda aka binne shi ba. Tun ranar Labbo bai yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce. Ya nemi baƙin cikin a ransa ya rasa, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Baƙon kuwa Oga Nwosu ne, abokin aikinsa tun suna ma'aikatan reluwe a Inugu. 'Yarsa Ebere tana bautar ƙasa a wata makaranta a Zurmi, kuma hannu da hannu ya damƙa wa Labbo ita. Da aka fara maganar Shari'a, dangi suka taso masa a kan ya ɗauke ta, ya ce ba inda za ta, ai tana gidan Labbo. Yanzu ga shi ya aiko direba ya ce yana tafe. Labbo bai yi shakkar abin da ya kawo shi ba: ya zo karɓar amanarsa. In kuma ya ji an kashe ɗan gidan a ƙasarsu, ko kwana ba zai bari yarinyar ta ƙara ba. Shekara da shekaru Labbo yana cika baki a Inugu cewa a garinsu Ƙaura baƙo ya fi ɗan gari gata. Bai ga yadda zai tsaya a zo a ƙwace masa amana a gaban jama'a ba.

Ya shiga gida. Matarsa Kulsumu tana zaune a bakin murhun da ba wuta, Ebere kusa da ita ta yafa mayafin gidan.

"A yanka zabi biyu," ya ce. "A yi tuwon shinkafa. Kuma ban son kowa ya ɗaga maganar."

Kulsumu ta dube shi ta daɗe. "Ɗan nau za ni ɓoye kamar abin sata?"

"Yini guda ne."

Kulsumu ta jawo itace. Ebere ta sunkuyar da kai, Labbo ya ɗauka kunya ce.

Da hantsi motar Gusau ta sauke Nwosu. Ya tsufa, ya rame, yana rungume da wata baƙar jaka a ƙirji. Suka rungumi juna, jakar a tsakaninsu.

"Labbo! Yaya gida? Yaya gari?"

"Lahiya lau. Yaya wajenku?"

"Lafiya lau," in ji Nwosu da Hausarsa ta reluwe. "'Yan jarida ne suna ƙara gishiri."

"Haka nan muke gani nan ma."

Tsofaffi biyu, kowa ya shirga tasa ƙaryar, kowa ya gyaɗa wa ɗan'uwansa kai.

Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka kawo tuwo da zabi a zaure. Ebere ta zo ta durƙusa ta gaida ubanta da yarensu, a taƙaice, ta koma ciki. Nwosu ya ci loma kaɗan yana yabon miya. Labbo ya ci sosai, don a gani, bai ji ɗanɗanon komai ba.

Da suka wanke hannu sai Nwosu ya gyara zama ya dube shi, kamar mai jiran wani abu. Labbo ya san me ake jira. Shi Labbo da bakinsa ya sha gaya masa cewa a wajensu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya huta, shi ma baƙon ba ya faɗa sai mai gida ya tambaya. To, an ci, an huta. Labbo ya miƙe ya kaɗe riga.

"Taso in nuna maka gari. Ka gani da idonka, ka kai labari."

Suka fara da tashar jirgi, inda dogo ya ƙare. Awaki ne kwance a kan layin. Labbo ya ce ana sa ran jirgi zai dawo aiki sosai kwanan nan. Suka ratsa kasuwa. Ya nuna masa rumfunan Inyamurai masu sayar da kayan mota, duk da rabinsu a kulle suke. Ya ce sun je ganin gida ne. Ya nuna masa motar haya ta mata zalla, ya ce ka ga, yanzu ba mai matse 'yar wani a mota. Ya nuna masa inda gidan giya yake da, an mai da shi wurin ajiye buhunan gero. Yana magana yana jin muryarsa kamar daga rediyon maƙwabta take fitowa.

Wahalar ita ce mutane. Ƙaura ba ta da girman da mai makoki zai ratsa ta ba a gane shi ba. Wani mahauci ya ajiye wuƙa ya taho yana ɗaga hannuwa.

"Malam Labbo, ashe haka Allah ya..."

"Baƙona ne daga Inugu," Labbo ya tari numfashinsa. "Ku gaisa."

Mahaucin ya tsaya da hannuwa a sama, sannan ya miƙa wa Nwosu ɗaya. Haka aka yi da mai shayi, haka aka yi da wani limamin unguwa. Nwosu bai tambayi komai ba. Yana biye, jakarsa a ƙirji, duk abin da aka nuna masa sai ya ce, "Ya yi kyau."

Sai a hanyar komawa wani abu ya faɗo wa Labbo. Tun safe Nwosu ya tambayi Kulsumu, ya tambayi Tambari, har tsohon keken Labbo ya tambaya. Bai ambaci Jabiru ba. Shi da ya goya yaron a wuya a barikin reluwe, shi da ya samo masa rumfa a Aba. Labbo ya ga tunanin ya zo, ya bar shi ya wuce.

Bayan la'asar suka dawo zaure. Labbo yana neman wani wurin da bai nuna ba tukuna, sai ya ji motsi a bayan labulen ƙofar cikin gida.

"Oga," muryar Kulsumu ce, ba ta fito ba. "Ka ci, ka huta. Mai gidan bai da niyyar tambaya, ni bari in tambaya. Mi ya kawo ka?"

Nwosu ya sauke numfashi kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ɗora jakar a ƙasa ya zuge ta. Ya fito da hula, da ƙaramar rediyo, da takalmi ƙafa ɗaya. Ya jera su a gaban Labbo.

"Ebere ta buga mini waya daga Gusau, ta ce an kawo muku labari, amma ba ku san wuri ba. Ni na sani. Na nemi Jabiru, na same shi. Na kira Hausawan da suka rage, suka wanke shi, suka yi masa salla. Ina tsaye aka rufe. Na sa alama." Ya dubi Labbo. "Tun safe nake jira ka tambaye ni, Labbo. Kai ka ce haka ake yi a garinku."

A bayan labule Kulsumu ta fara kuka, a hankali, Ebere na riƙe da ita.

Labbo ya ɗauki hular. Ya san ta, shi ya saya wa Jabiru a Kasuwar Daji. Ya juya ta, ya duba cikinta inda gumi ya yi zobe.

"Wajenku ba lahiya ba kenan," ya ce.

"Ba lafiya ba."

"Nan ma rumfunan nan, ba ganin gida suka tai ba. Gudu suka yi."

"Na sani."

"To yarinyar hwa? Ba ka zaka ka tahi da ita ba?"

Nwosu ya girgiza kai. "Ka ce in riƙa duba maka Jabiru. Ga abin da na kawo maka. Da wane baki zan ce ka ba ni tawa? In ka kore ta, zan tafi da ita. In ba ka kore ta ba, tana nan."

Labbo ya sa hular a aljihu, ya fita, ya bi lungu zuwa gidan Tambari. Mutane na zaune a can, suka ɗago suna kallonsa. Ya ce su tashi, ya naɗe tabarmin ya saɓa a kafaɗa, suka biyo shi a baya.

A ƙofar gidansa ya shimfiɗa su inda suke da safe. Ya leƙa zaure ya kira baƙonsa. Nwosu ya fito ya tuɓe takalmi, ya nufi gefe inda masu gaisuwa ke zama, Labbo ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi, wurin masu karɓa.

Mahaucin nan ne ya fara isowa. Ya durƙusa, ya dubi Labbo, ya dubi baƙon, ya rasa ta inda zai fara.

"Yi mana duka," in ji Labbo. "Ɗanmu ne."