Jar Ƙwayar da Aka Ɓoye wa Likita

Ruben ya bar gonarsa a Agwada ya koma Keffi da zama saboda matarsa Magdalena. Tana da hawan jini, asibiti kuma ya yi musu nisa. Ɗansu Jonatan, mai aiki a Abuja, ya kama musu gida, ya bar matarsa Febi tana kula da su. Farar ƙwaya ɗaya da safe, jini ya kwanta. Haka aka yi shekaru.

Da damina ta faɗi, Magdalena ta fara tari. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta. Ruben bai kai ta babban asibitin gari ba, inda rabin 'yan cocinsu ke bin layi. Ya ɗauke ta zuwa wani ƙaramin asibiti a Garaku. Aka auna kaki, aka ce tibi ne, wato tarin fuka. Aka tambaye shi ko tana shan wani magani. Ya ce babu, don kada a mayar da su Keffi. Aka ba su jajayen ƙwayoyi.

A tsakar gida ya kafa doka.

"Maganar nan ba ta wuce ƙofa. Febi, kin ji?"

"Na ji, Baba. Amma likitan hawan jini fa?"

"Likitan jini ya duba jini."

Yana da dalilinsa. A Agwada ya ga an ware wa wani mutum mai irin wannan tarin kofi da kwano, mutumin ya warke, ba a mayar masa da kofin cikin na jama'a ba har ya mutu. Magdalena kuwa ita ke riƙe da tukunyar zumuntar mata a coci.

Tari ya lafa. Sai ciwon kai ya zo, da jiri. Duk zuwan da suka yi awo a Keffi, jinin ya fi na baya hawa. Ruben ya dubi surukarsa.

"Ba kya ba ta farar."

"Ina ba ta, Baba. Tambaye ta."

"Hankalinki na kan waya. Kawo."

Ya karɓe maganin, ya zuba a aljihun rigarsa. Kowace safiya shi ke tsayawa a kanta har ta haɗiye, ya ce ta buɗe baki ya gani. Magdalena takan buɗe, ta ce, "Soja, an gama fareti?" Ba ya dariya. Jinin bai sauka ba.

Wata safiya kofin koko ya suɓuce daga hannunta na hagu. Ta yi ƙoƙarin ɗauka, yatsun suka ƙi. Bakinta ya ɗan karkace.

A babban asibitin Keffi, sun daɗe a layi kafin a kira su. Ƙofar ɗakin likita ba ta rufuwa, labule ne kawai. A bencin da ke jikin labulen, Mabel ce zaune, magatakardar zumuntar mata, tana jiran a duba mata ƙafa. A bayan taga janareta na ruri.

Likitar yarinya ce, sunanta Munira, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta auna, ta sake aunawa.

"Baba, bayan wannan farar, Mama tana shan wani abu? Jiƙo? Haɗin kemis?"

"Babu."

Febi ta sunkuyar da kai. Likita ta ɗaga 'yar kwalbar fitsarin da aka sa su kawo. Launinsa kamar an ɗiga manja a ruwa. Ta ajiye, ta murza goshi.

"Baba, ni ma tun jiya nake tsaye. Bari in gaya maka abu ɗaya. Duk ƙwayar da mutum ya haɗiye, hanta ce ke sarrafa ta, ta karya ta, jiki ya fitar. Akwai maganin da ke zuga hanta ta ninka aikinta. Kamar a cika wa murhu itace ne, ruwa ya ƙafe doya ba ta dahu ba. Farar ƙwayar nan tana shiga, hanta na cinye ta kafin ta yi aiki. Wani abu na hura wutar. In ban san shi ba, lalube zan yi. In na yi lalube, shanyewar da ta taɓa hannun nan, in ta dawo, ba a hannu za ta tsaya ba."

Ruben ya dubi labule. Ana ganin silifas ɗin Mabel ta ƙarƙashinsa. Ya dubi matarsa. Yawu ya taru a gefen bakinta, ba ta sani ba.

"Na tibi," ya ce.

"Ban ji ba, Baba. Janareta."

"Maganin tibi take sha! Daga Garaku. Jar ƙwaya."

Silifas ɗin suka ja baya.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce kada a kuskura a daina jar, ita ce ke kashe tarin. Za ta sake tsarin maganin jini, su riƙa zuwa awo a kai a kai. Ranar da aka gama na tibi kuma su dawo, don hanta za ta koma tafiyarta ta dā, adadin da ya dace yau zai yi yawa a lokacin. Yau dai Mama za ta kwana a asibiti.

"Hannun fa?" in ji Ruben.

"Wanda bai taɓu ba muke ceto yanzu. Wancan, za a yi masa gashi da motsa jiki, mu gani."

Suka fito, Febi ta riƙe Magdalena a dama, shi a hagu. Mabel ta miƙe, ta ja bakin gyale ta rufe hanci.

"Sannu, Mama. Ubangiji ya ba da sauƙi."

"Amin, 'yata," in ji Magdalena, harshenta da nauyi. "Ranar Asabar ku nemi wata mai girki."

Ɗakin kwanciyar mata na can ƙarshen baranda. Babu keken tura marasa lafiya ko ɗaya a kusa. Suka bi a hankali, tana jan ƙafar hagu, suna tsayawa a kowane ginshiƙi ta huta.