Kalmomin Gudun Ruwa

Shekara talatin Zorka Milenković tana auna gudun ruwan kogin Nišava, amma Turanci bai taɓa zama a bakinta ba. A zamaninsu Rashanci ake koyarwa a makaranta. Duk takardar binciken da ta rubuta, Budimir abokin ofishinta a jami'a ne ke gyara mata, yana yi yana tsokanarta. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a farkon bazara, teburinsa ya zama wurin ajiye tsofaffin fayiloli.

A watan Yuni wata mujalla ta dawo mata da takardarta. Editan ya yaba awon, amma ya ja layi a ƙarƙashin "fast speed" har wuri goma sha bakwai, bai kuma ce ga dalili ba.

Ta kira 'yarta Ljubica a Toronto.

"Mama, tuƙi nake yi. Ki ba kwamfuta ta gyara miki mana."

"So nake in san me ya sa ba daidai ba ne."

"Zan kira ki ran Lahadi."

Lahadi ta zo ta wuce. Ran Litinin Zorka ta sayi burek, wani irin burodi mai cuku a ciki, ta hau bas zuwa gidan jinyar da Budimir yake. Ta same shi a kujera kusa da taga, hannun damansa a kwance kan cinya.

"Tsoho, an ce ka daina surutu. Jami'a ta huta."

Gefen bakinsa ya motsa. Ta ja kujera, ta fara karanta masa takardar. Tana kaiwa kan "fast speed" ɗin nan, ya buga hannun kujera da yatsun hagu.

"Ruwa… shi ke sauri," ya ce da ƙyar. "Gudu… lamba ce. Ko sama… ko ƙasa."

"High speed ke nan?"

Ya gyaɗa kai. A shafi na huɗu ya sake bugawa, inda ta rubuta "speed" alhali tana nuna inda ruwan ya nufa. Sai da ya yi minti guda kafin "velocity" ta fito daga bakinsa.

"Shekara talatin, Zorka… kanki kamar dutse."

"Naka ne ya fashe, ba nawa ba."

Dariyar da ya yi ta koma tari, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Sun kai shafi na tara lokacin ziyara ya ƙare. Sauran ta ƙarasa ita kaɗai a ofis, tana karantawa da ƙarfi, tana tsayawa a duk inda take jin zai buga.

An karɓi takardar a watan Oktoba. Ta ɗauki kwafi ta tafi gidan jinyar, aka ce mata ɗan Budimir ya zo makon jiya ya tafi da shi Jamus. Ta karɓi adireshi, ta biya gidan waya ta aika masa, sannan ta taka zuwa gada don awon la'asar.