Teburin Anacleto

Doña Fermina na tsaka da jera burodi mai siffar jarirai a kan baƙin ƙyalle, 'yarta Nélida ta faɗo ɗakin da waya a hannu. Yau ce ranar da mamata ke dawowa gida cin abinci da tsakar rana, kuma wannan ne zuwan mijinta Anacleto na farko tun da aka binne shi. Ta dafa masa miyar gyaɗarsa, ta kunna kyandirori.

"Mama, mahaifiyar saurayina Rodrigo na hanya, za ta zo ganinki. Na tura mata hoton ɗakin nan, ta ce ya cika lúgubre."

Fermina da yaren Aymara ta tashi, Sifaniyancinta na cinikin dankali ne a kasuwar El Alto. "Wace dabba ce kuma wannan?"

"Abin da ke sa zuciya ta yi duhu. Kamar maƙabarta."

"To da mawaƙa muke jira? Ubanki zai zo."

"Haba Mama! Su ba sa irin wannan. So kike ta ce wa ɗanta daga kabari zai ɗauko mata?"

Fermina ta ji kamar ta kwaɗa mata mari. Dako Anacleto ya yi har bayansa ya lanƙwashe, don wannan bakin ya iya manyan kalmomi. Amma yarinyar ta fara kuka, kuma mai rai ya fi mamaci iya kuka. Fermina ta hure kyandirorin da kanta, ta kwashe komai zuwa kicin. Nélida ta shimfiɗa leda mai furanni.

Baƙuwar ta iso da ƙamshin turare, ta zauna a bakin kujera. Rana ta take, maƙwabta suka fara addu'ar tarbar mamatansu. Sai ga ƙuda ya shigo ta ƙofa, siffar da ruhin mamaci ke shigowa da ita. Ya sauka a kan teburin, ya kewaya ledar, bai tarar da ko ɓarɓashi ba. Nélida ta kore shi da tafin hannu.

"Kai, ɗaki ya yi haske!" in ji baƙuwar. "Ko ba haka ba, doña?"

Fermina na kallon ƙofar da ƙudan ya fita.

"Lúgubre," ta ce. Ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba.