Baitin da Ake Tsallakewa

Da suka iso amshi na biyu, muryar Esta ta ɗauke. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Mai ganga ya ci gaba da kiɗa kaɗan, sannan shi ma ya dakata.

Ana saura kwanaki a yi Nowel, bikin haihuwar Almasihu, ƙungiyar mawaƙan majami'a ta taru da la'asar domin bita. Waƙar rarrashi ce tsohuwa, ta Maryamu da jaririnta Almasihu, wadda kakanninsu suka bar musu, kuma kowace shekara Esta ce ke ja, sauran suna amsawa. Bara ta rera ta da ɗanta Yohanna goye a baya. Bana ba Yohanna. Masassara ta kama shi a ƙarshen damina, aka kwantar da shi gidan likita, aka yi ƙarin ruwa, aka yi ƙarin jini, bai tashi ba. Bai cika shekara biyu ba.

Pasto Tanimu, dattijon da ya ɗaura mata aure, ya taso daga benci ya ce wa sauran su je su sha ruwa. Ya zauna kusa da ita.

"'Yata, in ba za ki iya ba, Rifkatu za ta karɓa."

"Ta karɓa, Baba. Ni bakina ba zai iya rarrashin ɗan wata ba."

Ya murza hularsa. Can ya ce, "Kin san waƙar nan tana da baiti na uku? Tun ina saurayi ake tsallake shi. Wai yana ɓata wa mutane biki."

Esta ba ta taɓa ji ba. Sai ya rera mata ƙasa-ƙasa, da muryarsa mai rawa. A baitin, mai rarrashin ba Maryamu ba ce. Matan Baitalami ne, waɗanda sarki Hiridus ya aika sojoji su kashe musu 'ya'ya maza. Suna jijjiga yaran suna roƙonsu su yi shiru kada a ji su daga waje.

"Wannan shi ne asalin waƙar," in ji shi. "Almasihu bai zo duniyar da ba kuka ba. Cikin kukan aka haife shi."

"Amma shi ya tsira."

"Mala'ika ya gargaɗi Yusufu mijin Maryamu, suka gudu Masar."

"Gida ɗaya kawai mala'ikan ya sani a garin?" Muryarta ta fara tashi. "Sauran ƙofofin fa, Baba? Me zai rage shi in ya ƙwanƙwasa?"

Pasto Tanimu ya sunkuyar da kai. "Jinkiri aka yi masa, Esta, ba tsira ba. Uwarsa ma ta tsaya tana kallo ya mutu."

"Ita an mayar mata da nata a rana ta uku. Ni tun damina nake jira."

Ta ga idanunsa sun cika, ta gane ba shi da wata magana da ya ɓoye mata. Wannan ya fi komai tsorata ta. Ta ja mayafinta ta fita.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a unguwarsu, Kara-Kara. Ba ta son shiga ɗakinta. Mijinta yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, can Damagaram Takaya, sai an ba da hutu zai dawo, ko ya dawo ma ba sa iya kallon juna. Ta tsaya a ƙofa da mabuɗi a hannu, sai ta ji an kira ta.

"Maman Yohanna, zo ki taya ni."

Kulu ce, maƙwabciyarta Musulma, zaune bakin zaure tana ɓarar gyaɗar da aka aiko mata daga Hamdara. Ita kaɗai ce a unguwar ba ta daina kiran ta da wannan suna ba. Ita ma ta binne 'yarta Safiya a daminar nan, masassara ɗaya, gadajen yaran ma kusa da juna a gidan likita.

Esta ta zauna a tabarma ta ɗebi gyaɗa.

"Yau kin dawo da wuri. Ba ku yi waƙar ba?"

Ta ba ta labarin baitin, da sojojin, da matan da ke toshe bakin 'ya'yansu. Kulu ta daina ɓara.

"Yi mini in ji."

Esta ta ɗauka muryar ba za ta fito ba. Ta fito, a shaƙe, tana karyewa, amma ta kai ƙarshe. Kulu ta goge fuska da bakin zanenta.

"To a ƙarshen waƙar, an dawo musu da yaran?"

"A'a."

"An faɗa musu dalili?"

"Ba a faɗa ba."

Kulu ta jinjina kai a hankali. "To waƙarku ba ta yi ƙarya ba," ta ce. Ta tura mata kwandon kusa. "Sake yi, amma sannu-sannu. Ina so in riƙe ta."