Ranar da Don Fermin Ya Ga Jikarsa

Ƙarfe shida na safe ya ɗan gota, gari bai gama wayewa ba, iskar da ke gangarowa daga duwatsu tana ta jijjiga rufin kwano kamar za ta yaye shi. Eliseo yana durƙushe a saman gidansu, ya rungume dish ɗin talabijin da hannu biyu, ya tokare ƙafa ɗaya da bututun hayaƙi.

"Ya ɗauke!" in ji mahaifiyarsa Nelida ta taga. "Koma yadda kake ɗazu!"

"Mama, ban fa motsa ba."

"To ni na motsa? Karkata wajen tafki. A'a, ya yi yawa! Dawo kaɗan. Yawwa, tsaya nan. Ko tari kada ka yi."

Kusar da ke riƙe da dish ɗin ce ta karye jiya da yamma. Eliseo ya ɗaure shi da waya, iska ta kwance. Ya sake ɗaurewa, ta sake kwancewa. Mai gyara kuwa ya ce sai Litinin. Da wata rana ce da an haƙura, amma yau ce ranar da Mailen, jikar maƙwabcinsu Don Fermin, za ta yi zamiya a babbar gasar ƙanƙara ta Turai, kuma tsohon yana zaune a falonsu tun kafin zakara ya yi cara.

Talabijin ɗin Don Fermin tashoshin gari kawai take kamawa. Shi ya sa tun ranar da aka buɗe gasar yake lallaɓowa kullum da sandarsa, ya zauna a kujerar Nelida mai laushi, ya riƙe rimot kamar da shi aka haife shi. Komai aka nuna kallo yake, wai idonsa yana sabawa da fari. Nelida ta rasa wasan kwaikwayonta na rana, Yanina ƙanwar Eliseo ta rasa waƙoƙinta. Ranar da aka nuna waɗansu ƙarti suna goge ƙanƙara da tsintsiya a gaban wani dutse, Nelida ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Mutum ya haye teku don ya je ya yi shara? Ga ƙofar gidana nan, su zo, ni zan ba su lambar yabo."

Tana mita a kicin, amma ba ta taɓa cewa ya tashi ba. Kowa a layin ya san asibiti sun sallame shi ne ba don ya warke ba. Likitar cewa ta yi a bar shi ya ci abin da yake so.

Don Fermin ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan dutse, yana tare wa baƙi kujerun da ke hawa da su sama a kan igiya. Shi kansa bai iya zamiya ba. Allunan zamiya da wasu 'yan yawon buɗe ido suka yar ya tsinta, ya yanke su daidai ƙafar Mailen tun tana 'yar mitsitsiya, ya riƙa ɗaukar ta zuwa wajen aiki don babu mai riƙe masa ita a gida. Tun da ta tafi Turai bai sake ganin ta a kan ƙanƙara ba.

Daga saman rufi Eliseo ba ya ganin komai sai rufin maƙwabta da karnuka suna yawo a kan titin tsakuwa. Watan Fabrairu ne, tsakiyar zafi a nan kudancin duniya, dutsen zamiyar garin ya zama ƙasa zalla, amma iskar safiya ta sa yatsunsa sun sandare. Yana jin muryar mai sharhi sama-sama, tana tashi tana sauka. Ya yi ta riƙo har kafaɗunsa suka fara zogi.

Can sai ya ji muryar ta canza. Kiɗa ya taso, wani yana tallar man wanke gashi.

"Sauko," in ji Nelida, murya a sanyaye.

Ya sauko ta tsani ya shiga falo yana murza hannu. A talabijin wasu maza ne cikin kwat suna gardama a kan wani ɗan ƙwallo da za a sayar.

"Ta wuce?"

"Ina fa ta wuce," in ji Yanina. "Manyan kawai suka nuna. Ita lambarta tana can baya. Da suka gama da na gaba sai suka yanke."

Don Fermin bai ɗauke ido daga allon ba. Bargo a cinyarsa, numfashinsa yana fita da ƙyar kamar ana jan zarto. "Za su dawo," ya ce. "Talla ce."

"Don Fermin, ba talla ba ce, shirin ƙwallo ne," in ji Yanina.

"Ke kika san aikinsu?" Ya juya wajen Eliseo. "Dogo, ko dai kai ne ka juya mana abin zuwa wata tasha?"

"Dish ba ya canza tasha, Don Fermin."

"Da can ma ba ya ɗaukewa, sai da ka hau."

Eliseo ya bar aikinsa a wajen yankan katako, maigidansa ya ce in bai zo da rana ba kada ya zo gobe, ga shi kuma shi ne mai laifi. Ya karɓi wayar Yanina ya fita bakin shinge inda sabis ya fi kamawa. Wani shafi ya ce ba a kallo daga ƙasarsu. Wani ya yi ta juyawa, ya buɗo tallar caca. Wani ya nuna dutse fari na ɗan lokaci, sannan ya daskare a kan fuskar wani ɗan kallo mai jan hanci. Ya ji kamar ya yi jifa da wayar cikin lambun maƙwabta.

Yana tsaye saƙo ya shigo daga Mailen, don ita da Yanina ajinsu ɗaya tun firamare. Ta sauka lafiya a zagayen farko. Akwai na biyu in an jima.

Wannan labarin ya ɗan daidaita gidan. Nelida ta ɗora ruwa, ta cika ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke zuƙa da tsinke, ta soya fanke. Ƙoƙon ya zagaya. Da ya zo kan Don Fermin ya ɗan zuƙa kaɗan ya mayar, fanken kuwa ya riƙe shi kawai har ya huce a hannunsa.

"Ku ci mana, Don Fermin. Ko so kuke a ce na bar ku da yunwa a gidana?"

"Ya yi gishiri, Doña Nelida."

"Ba ku ko ɗanɗana ba!"

"Daga gani na sani."

Nelida ta kalli silin, ta koma kicin tana magana da tukwane.

Tsohon ya juyo wajen Eliseo. Ya rage murya. "A zagaye na biyu ma manyan za su fara. In suka gama sai a saki sauran. Na san tsarin, a gabana ake yi." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ni ba lamba nake so ta ci ba, Dogo. In gan ta kawai tana saukowa. Ka riƙe mini abin nan da kyau."

"Zan riƙe."

"Ba irin riƙon ɗazu ba."

Da hantsi ya ɗaga Eliseo ya sake hawa. Rana ta fito, kwanon ya fara zafi a gwiwarsa, iskar kuwa ko alamar gajiya babu. Sau biyu tana fizge dish ɗin, sau biyu Nelida tana kurma masa ihu. Maƙwabcinsu na gaba ya fito yana wanke mota, ya ɗaga kai ya ce, "Eliseo, ƙwai kake kwanciya a kai?"

Ya ji mai sharhi ya haukace da ihu, ya gane an sami zakara. Ya ji kiɗa. Ya jira tallar man gashi. Amma sai ya ji muryar mace tana magana da wani yare tana haki, wani yana fassarawa. Hira ake yi da wadda ta ci.

Sai ga muryar Don Fermin, da ƙarfin da Eliseo bai ji daga bakinsa ba tun da ya dawo daga asibiti.

"Ga ta can! Ga ta can a baya! Mai shuɗiyar riga! Ku duba kafaɗar hagun nan, kullum sai ta sauke ta, na yi faɗa har na gaji! Matsa mana, ke baiwar Allah, kin tare mana! Sauko, 'yata, sauko!"

Eliseo ya ƙanƙame dish ɗin har gefensa ya shiga naman hannunsa. Yana so ya leƙa, ba hali. Ya runtse ido ya riƙe, iska tana dukan bayansa, har ya ji tsohon ya saki wata dariya da ta ƙare da tari.

Da ya sauko, an koma ƙwallo. Don Fermin ya jingina da kujera, fuskarsa jiƙe, yana cin fanken nan mai sanyi.

"Ka yi asara, Dogo. Har ƙasa ta kai. Kamar ruwa."

"Kun gan ta sosai?"

"Ni za ka tambaya? Ni na koya mata tsayuwa."

Eliseo ya kalli mahaifiyarsa. Ta ɗaga kafaɗa. Daga baya ta ce masa ita dai ta ga wani ɗigo shuɗi kamar ƙuda a bayan kan Baturiyar, shi ke nan.

Ya raka tsohon gida, suna tafe suna tsayawa. A ɗan tsakanin nan Don Fermin ya ba mai wanke mota labari, ya ba matar da ke sayar da burodi. Da Eliseo ya dawo ya tarar da Yanina a kicin ta kifa waya a kan tebur, Nelida tana tsaye ta harɗe hannu.

"Sa masa ya ji," in ji Nelida.

Muryar Mailen ce, tana kuka. A zagaye na biyu ta faɗi tun a sama, ko tutoci kaɗan ba ta wuce ba, allo ɗaya ya fita daga ƙafarta. Ba ta ji ciwo ba. Ta ce kada a gaya wa Kaka tukuna, ba za ta iya jin muryarsa yau ba, za ta kira shi gobe in ta natsu.

"To wacece mai shuɗiyar rigar?" in ji Eliseo.

"Wa ya sani? Ƙasa nawa ke sa shuɗi?"

Ya dubi tafin hannunsa, inda dish ya bar masa jan layi. Bai san ko da wa zai yi fushi ba, da tashar, ko da iskar, ko da mai gyaran da ya ce Litinin.

"Duk wanda ya buɗe baki a cikinku," in ji Nelida, "ya nemi wani gidan da zai riƙa cin abinci."

Ba a ma kai ga buɗe baki ba. Washegari da hantsi Nelida ta kai masa romo, ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba. Ta same shi a kan gado ya juya wajen bango, takalmansa a jere a ƙasa. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon a hannu, ta kira Eliseo da cikakken sunansa. Suna cikin ɗakin ne wayar tsohon ta fara ƙara a kan tebur. Suka dubi juna. Yanina ce ta ɗauka ta fita da ita waje.

An yi zaman makoki a ɗakin taron unguwa. Tsofaffin abokan aikinsa na kan dutse suka zo da hulunansu a hannu. Duk wanda ya zauna kusa da Eliseo sai ya ce, "An ce ya gan ta kafin ya tafi, ko? Allah ya yi masa gata." Shi kuma sai ya gyaɗa kai, ya miƙa ƙoƙon mate gaba. Aka binne shi ba Mailen, don jirgin da ta samu sai ƙarshen mako.

Ranar da ta iso Eliseo yana dawowa daga aiki da yamma, garin katako a gashinsa. Ya hango bas ta tsaya a bakin kwalta, ta sauke wata yarinya da akwati da wata doguwar jaka ta allunan zamiya wadda ta fi ta tsawo. Ta rame, hancinta ya saɓule da sanyin wata ƙasa. Ta tsaya tana kallon hawan da ke gabanta kamar ba a nan aka haife ta ba.

"Mailen. Sannu da hanya. Ya haƙuri?"

Ta dube shi. "Yanina ta ce a gidanku ya kalla."

"A gidanmu."

"Ya ga faɗuwar?"

"Ni ina kan rufi," in ji Eliseo. "Abin da na ji dai, yana cewa ki sauko. Ya ce har yanzu kina sauke kafaɗar hagu."

Ta rufe baki da bayan hannu. Ta ja akwatinta ta fara hawa, ƙafafun akwatin suna tsalle a kan tsakuwa, ta manta da doguwar jakar a bakin titi.

Eliseo ya sunkuya ya saɓa ta a kafaɗa. Ta fi yadda ya zata nauyi, iska kuma tana kama bakinta tana juya shi. Ya bi ta a baya, bai matsa kusa ba. A ƙofar gidan ta tsaya ta daɗe kafin ta tura, ta shiga ba ta waiwayo ba. Ya jingina jakar a jikin bango, ya ga iska za ta kayar da ita, sai ya kwantar da ita a ƙasa daga ciki, ya jawo ƙofar shingen a hankali ya rufe.