Sunan da Ya Rage a Kaset

Shatu ta sauko daga motar Sandamu tana ɗingishi, don tun daga gida buhun geron wani ke kan ƙafarta. Firdausi na tsaye a bakin tashar Daura tana jiranta. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ya haƙuri, sannan ta ɗaga hannu za ta tsayar da ɗan acaɓa. Shatu ta ce a'a. Tun da aka fara shari'ar Musulunci a jihar maigidanta ya hana ta hawa bayan namiji, ko da bai hana ba ma ita tsoron babur take yi. Suka kama hanyar kwaleji a ƙasa.

Firdausi ƙawar Fadila ce, ɗiyar Shatu da ta rasu a tsakiyar damina. Ajinsu ɗaya, kuma su biyu aka haɗa a darasin rubutun bincike. A hanya ta sake yi wa Shatu bayanin abin da ya sa ta aika a kira ta. Yau ce ranar ƙarshe ta miƙa aiki, kuma malaminsu, Malam Anwar, ba ya karɓar komai bayan ranar da ya sa. Tun farkon zango ya karanta musu dokokinsa, ya manna su a ƙofar ofis. Ba a kwafar aikin wani. Duk maganar da ka ɗauko sai ka faɗi mai ita. Kowane ɗalibi ya kawo nasa mai ba da bayanin a kaset, kuma mai bayanin ya faɗi sunansa da garinsa da bakinsa, ya faɗi sunan ɗalibin da ya yarda ya ɗauki maganarsa. Wanda ba a ji sunansa a kaset ba, ba a rubuta shi a bangon littafin.

"Nawa kaset ɗin ya cika, Inna," in ji Firdausi. "Ni zan wuce. Amma in aka miƙa haka, sunana kaɗai za a buga, alhali rabin aikin nata ne."

Shatu ta ci gaba da tafiya. Wannan doka ba yau ta fara jin ta ba.

A kan waƙoƙin daɓe yaran suke rubutu, irin waɗanda mata ke yi in sun taru daɓe ɗakin amarya, kafin siminti ya zo ya kashe abin. Da ƙuruciyarta Shatu ce ke ba da waƙa a unguwarsu, sauran mata na amshi. Shi ya sa wata Asabar Fadila ta zo gida da rikodar aro, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ce yau Inna ce malamarta. Da farko Shatu ta ƙi, ta ce wa zai saurari shirmen tsofaffi a makarantar boko. Amma da aka kawo mata tsohon madaɓi ta riƙe, sai waƙoƙin suka riƙa zuwa da kansu. Maƙwabta suka shigo. Kulu, yayar maigidanta, ta zauna kan turmi tana amshi tana tafi. Har la'asar ana yi, ana dariya.

Sai da aka gama Fadila ta tuna ba a yi gabatarwar ba. Ta ce saura abu ɗaya, Inna ta faɗi sunanta da garinsu, ta ce ta yarda Fadila Audi ta ɗauki waƙarta.

Fadila ce ɗiyar fari. Tun ranar suna Shatu ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba, kamar yadda uwarta ba ta taɓa kama na yayanta ba. Ana yaye yarinyar kakarta ta ɗauke ta, da ta dawo kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". In Shatu ta dama fura takan ware mai kaurin ta ba ƙanen yarinyar ya kai mata, ta ce kada ya ce daga ina. Ranar da sakamakon jarrabawarta ya fito, mata suka cika gida da guɗa, ita kuwa ta shige madafa ta ce hayaƙi ne ya sa idonta ruwa. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka kuma aka san ta.

To ga Kulu a kan turmi ta ƙura mata ido, ga matan maƙwabta. Shatu ta ji kunya ta rufe ta. Ta ce waƙa dai ta yi, sauran kuma sai dai a nemi marar kunya. Fadila ta yi ta lallashi cikin wasa, ta ga ba ci, ta kashe rikoda. Ta ce ba komai, akwai wata tsohuwa a Baure, kakar wata 'yar ajinsu, ita ba ruwanta da sunan kowa. Da sati ya zagayo ta shiga motar Baure. Tayar gaba ta fashe kafin su isa. Da yamma aka kawo ta gida a lulluɓe.

Ba wanda ya taɓa ce wa Shatu ita ta jawo. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, ita ma ta san haka ne. Amma ta san abin da ya sa yarinyar ta shiga motar.

A ƙofar ofishin suka tarar da layin ɗalibai, kowa rungume da aikinsa. Wani dogo ya fito yana share gumi, abokansa na yi masa tsiya wai Malam ya gane tsohuwar da ke cikin kaset ɗinsa ƙanensa ne ya maƙale murya. Da suka ga dattijuwa suka matsa, suka ce a bar Inna ta fara shiga.

Malam Anwar ba tsoho ba ne, gemunsa ma bai fara fari ba. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ya yi mata ta'aziyya, ya ce Fadila na cikin ɗaliban da ba ya mantawa, don ita ce mai yawan tambaya har a ƙosa. Ya ce ya saurari kaset ɗin Fadila tun da Firdausi ta kawo, har matarsa ta roƙe shi ya sake sa mata. Sannan ya yi mata bayanin dalilin dokar, kamar mai neman gafara. A da ɗalibai kan sayi kaset ɗaya su raba, kowa ya ce kakarsa ce, wasu kuma su ƙirƙiro tsohuwar da ba a taɓa haifa ba. Kuma ba shi kaɗai ke dubawa ba, akwai malamin da ke zuwa daga wata makaranta ya saurari komai.

Firdausi ta ce ko za a yarda Inna ta ce "ɗiyata" kawai. Malam ya girgiza kai, ya ce mai zuwa daga waje bai san ɗiyar wa ba ce. Ya dubi Shatu.

"Ita ce ta fari ko, Inna?"

Shatu ta sunkuyar da kai.

"Ai ni ma ɗan fari ne. Har yau tsohuwata Malam take ce mini, kafin nan kuwa 'wancan'." Ya yi murmushi. "Wannan mai sauƙi ne. Duk shekara sai an samu irin haka. Ni zan faɗi sunan, in tambaye ki ko ita ta ɗauke ki, ke kuma ki ce e. Shi ke nan, ya wadatar."

Shatu ta ɗago. Ta tambaye shi ko da ma ana yin haka. Ya ce ana yi, bara ma ya yi wa mutum biyu, ɗalibi ya zo ya faɗa masa ne kawai. Bai rubuta a takardar ƙofa ba don kada kowa ya fake da shi. Yana cikin magana ya ga yadda fuskar Firdausi ta canza, sai ya tsaya.

"Ba ta zo ta faɗa maka ba," in ji Shatu.

"Ba ta zo ba, Inna."

Firdausi ta ce a hankali, ita ta ba Fadila shawarar ta zo wurinsa, amma ta ce ba za ta kai ƙarar uwarta ofis ba, a riƙa cewa tsohuwarta baƙauya ce. Gara ta je Baure.

Malam Anwar ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya ce da ya sani da ya ƙara layi ɗaya a takardar nan. Shatu ta ce kada ya ɗora wa kansa, shi dokarsa ya kafa, kuma dokar ba ta ce a yi ƙarya ba. A waje ɗalibai na ta surutu, wani na tambaya ko Malam ya tafi salla ne.

Ya jawo rikoda, ya sa kaset ɗin Fadila. Ya ce akwai sauran fili a ƙarshe, a nan za a ɗora, don komai ya zauna wuri ɗaya. Ya juya shi zuwa inda maganar ta tsaya, ya matso da rikodar gabanta, ya ce in ya danna zai yi tambayar, ita dai ta amsa.

"Bar tambayar, Malam," in ji Shatu. "Danna kawai."

Ya dube ta, ya danna.

Ta gyara mayafi. Ta ce ita ce Shatu matar Audi, daga Sandamu, kuma waƙoƙin nan nata ne, a bakin uwarta ta koya. Ta ce ta yarda. Nan ta tsaya. Kaset na ta juyawa, ana jin ƙararsa. Firdausi ta kawar da kai tana kallon taga.

"Fadila," in ji Shatu. "Fadila Audi. Ita na yi wa."

Malam ya kai hannu zai kashe, sai ya ji ta sake faɗa, a hankali wannan karon, ba da muryar gabatarwa ba, da irin muryar da ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Ya bari sai da ta yi shiru sannan ya kashe.

Ya ɗauko aikin, ya buɗe bangon, ya rubuta sunan da biro a saman na Firdausi, ya ce a kai wa mai buga takardu ya gyara kafin a tashi. Ya juyo da shi ya nuna wa Shatu. Ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce wannan ne? Ya ce shi ne.

Ta tambaya ko na'urar ta kama, don kada a ce ba a ji ba. Ya ce bari a gwada. Ya mayar da kaset baya, hannunsa ya ɗan zarce. Sai ga ƙarar tsakar gidanta ta cika ofishin, kaji, da dariyar Kulu, da muryar yarinyar kusa da rikoda tana dariya ita ma.

"Haba Inna, sau ɗaya fa kawai. Ba wanda zai ji sai Malam. Faɗi mana, wa kika yi wa waƙar?"

Aka ji ƙarar dannawa. Ba tazara ko kaɗan, sai muryar Shatu ta biyo, tana faɗin sunanta da garinta, tana cewa ta yarda, tana kiran sunan.

Malam ya kashe. Shatu na kallon rikodar.

"Wanda zai zo daga wajen nan," ta ce, "zai ɗauka a ranar na amsa mata ko?"

Malam Anwar ya ce doka ta ce a rubuta ranar da aka yi kowace ɗauka a jikin kaset, kuma zai rubuta ta yau.

"Rubuta," in ji Shatu. "Haka ne daidai."

Ta miƙe, ta ce wa Firdausi ta zauna ta gama da mai buga takardu, ita ta gane hanyar tasha.